Man Darbejiya a Tankin Gas: Yadda Ta Kaya da Injin Casar Kawuna

Injin da zan yi magana a kansa yana wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Auyo, cikin kwarin Haɗeja, inda shinkafa ce tuwon gida kuma ita ce kuɗin aljihu. Na ƙanin mahaifiyata ne. Ƙirar Sin ne mai silinda ɗaya, doki 20, irin mai tukunyar ruwa a ka wadda ke ta tururi muddin yana aiki. Da safe bel ɗinsa na kan injin casa, da la'asar a mayar da shi kan na niƙa, yara su jeru da kwanukan dawa da masara. Ni nake riƙe wa Kawu littafin shiga da fita tun 2021, saboda haka abin da zan kawo a nan ba a bakin wani na ji ba.

Idan kaka ta yi, mata masu turara shanshera suka cika rumfar, injin yakan sha lita 16 zuwa 18 na gas a wuni, wato man dizal. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 350 ba. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu, kafin a gama noman firi lita ta haura 750. Gas ba shi da tallafi irin wanda fetur ke da shi a lokacin. Tun 2003 aka sakar wa kasuwa farashinsa, don haka duk iskar da ta kaɗa a kasuwar duniya sai ta shigo rumfar Kawu ba shamaki. Sau biyu yana ƙara kuɗin casa da na niƙa. A karo na biyu na ga gidajen da suka shekara goma ba su yi daka ba sun fito da turmi.

Wani direba mai ɗauko kaya daga Kano ne ya kawo maganar. Ya ce ai injin gas yana cin man gyaɗa, shi ya gani da idonsa. Kawu ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Kai da ka yi boko, gaskiya ne ko zancen tasha ne?" Na ce, "Kawu, akwai gaskiya a ciki." Kuma akwai ɗin. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da zallar man gyaɗa, mafi yawan 'yan kallo ba su ma lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana hangen ƙasashen da take mulka a Afirka inda gyaɗa ke yi, ko za su sami man injinsu daga gonarsu. Rudolf Diesel, Bajamushen da injin ya ci sunansa, ya ba da wannan labari a jawabansa na 1912, shekarar da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Iyakar nan kowa ke son ya tsaya. Ba a cika ƙarasawa da cewa injunan wancan zamani a hankali suke juyawa ba, kuma da matsattsiyar iska suke hura mai cikin silinda, iskar ce ke farfasa shi komai kaurinsa. A daren nan ban faɗa wa Kawu wannan ɓangaren ba, domin ni ma sai daga baya na san shi.

Man gyaɗa mai kyau dai tun farko ba ya cikin lissafi. Ko a ranar da gas ya fi kowace rana tsada, man ƙuli ya fi shi, kuma ba na jin mai tausayi zai iya zuba abin miya a tanki alhali a maƙwabtansa ana kaɗa kuka ba ɗigon mai. Abin da direban ya kawo shi ne gindin mai, guiɓin nan da ke kwantawa a ƙasan tankunan masu ƙananan injunan matsar gyaɗa, wanda masu haɗa sabulu ke saye. Baƙi-baƙi ne, mai kauri, jarkarsa ba ta kai rabin kuɗin ta gas ba.

A watan Nuwamban 2022 aka fara: kashi ɗaya gindin mai, kashi huɗu gas, a girgiza a jarka, a tace da ɗankwali. Injin ya karɓa. Ƙararsa ma ta ɗan yi laushi, hayaƙin salansa yana ƙamshin suyar ƙuli, masu wucewa suna tsayawa tambaya. Bayan mako biyu Kawu ya mayar da haɗin rabi da rabi. Kafin wata ya ƙare, yaron injin ya fara zuba shi kusan zalla duk ranar da gas ya yanke. Na ga alamar haka a littafi, domin kuɗin gas ya yi ƙasa sosai, sai na yi murna maimakon in tambaya. Wannan laifina ne, kuma na faɗa wa Kawu hakan.

Hunturu ya shigo. Wata asuba cikin Disamba samari biyu majiya ƙarfi suka yi ta juya hannun tayarwa har suka jiƙe da gumi a cikin sanyin nan. Injin sai ya yi tari, ya furzar da farin hayaƙi, ya yi shiru. Aka dafa ruwa aka zuba a tukunyarsa, da ƙyar ya tashi, amma da an ɗora masa shanshera sai ya nemi mutuwa. Mata na zaune kan buhunansu har hantsi ya dubi ludayi. Aka aika Haɗeja aka ɗauko bakanike.

Ya kwance nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, ya ɗaga shi a rana. Bakinsa ya yi tsiron gawayi kamar ƙahon ɗan akuya. Ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ga shi ya haura alama alhali ba wanda ya ƙara. Ya murza a yatsa, yana yauƙi kamar kuɓewa. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, don Allah me kuke ba injin nan?" Da aka nuna masa jarkar, ya ɗora murfin gwangwani a wuta, ya ɗiga man a kai, sai tartsatsi. Ya ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ga kauri, ga ruwa, ga danƙo."

A nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka zan ɗan daɗe a kai. Injin gas ba shi da filogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sannan famfo ya turo mai ta ƙofofin nozul waɗanda suka fi bakin allura ƙanƙanta. Ana so man ya fito kamar feshin maganin ƙwari, ya zama hazo, ya kama da wuta nan take. Gas a tsinke yake, shi ya sa yake fesuwa. Man gyaɗa, da na angurya, da na riɗi, da na darbejiya, duk sun fi shi kauri wajen sau goma, idan aka yi sanyi kuma abin ya ƙaru. Mai kauri ba ya zama hazo, ɗigo-ɗigo yake fita. Wani ya ƙone rabi ya toye a bakin nozul, feshin gobe ya fi na yau muni. Wani ya bugi bangon silinda, zobban fistin su share shi zuwa ƙasa, ya gauraya da baƙin mai. Gas idan ya sauka can, zafi kan kore shi a hankali. Man tsiro kuwa ba ya tashi, zama yake yi yana dahuwa har ya zama danƙo, irin wanda ake gani a bayan kaskon mai ƙosai. Shi ya sa awo ya haura alama, shi ya sa zobban suka maƙale a gurbinsu. Kuma duk wannan ba ya nuna kansa a rana ɗaya ko mako ɗaya. Direban bai yi ƙarya ba da ya ce ya ga inji na aiki da man gyaɗa. Bai dai koma bayan wata biyu ya ga cikinsa ba.

An canza zobba, da nozul, da filanjar famfo, da filta, aka wanke ciki aka zuba sabon baƙin mai. Da na tara kuɗin gyara da na kwana huɗun da rumfa ta yi a rufe ana tsakiyar aiki, sun cinye duk rarar makonni shida har da ɗori. Kawu ya duba littafin ya ce, "Garin neman ƙiba mun samo rama." Ya hana a sake yi masa maganar.

Kafin bakaniken ya tafi ya faɗi wata magana da ta zauna mini. Ya ce da tsohuwar Lista ce, da ta haɗiye wannan mai ta daɗe ba ta koka ba. Yana nufin injin Lister ɗin nan na Ingila mai manyan ƙafafu biyu, wanda iyayenmu suka san niƙa da shi. Juyinsa wajen 650 ne a minti, na Kawu kuwa 2,200. Sannan a Lista man yana fara shiga wani ɗan ɗaki ne mai zafi a kan silinda, ya gauraya da iska a can kafin ya isa kan fistin, alhali na Kawu kai tsaye ake fesa masa. Inji mai sauri, mai fesawa kai tsaye, shi ya fi ƙin kauri. Sababbin motoci masu famfon da kwamfuta ke sarrafawa kuwa, ko da wasa kada wani ya gwada musu ɗanyen man tsiro.

Ni ban iya barin maganar ba, domin gas bai sauko ba. A bazarar 2023 na kai ta wurin wani abokina da ke koyar da kimiyya a sakandare. Ya ce hanya biyu ce ake rage kaurin: ko a canza man, ko a dumama shi. Muka fara da ta farko, wato bayodizal.

Yadda ya bayyana mini, kowane ƙwayar man tsiro kamar igiyoyi uku ne da aka ɗaure a turke ɗaya, turken shi ne gilisarin. Idan aka haɗa man da metanol da 'yar soda irin ta masu sabulu, sai igiyoyin su kwance, kowace ta kama gabanta, turken ya nutse ƙasa. Abin da ya taso sama shi ne bayodizal, kaurinsa ya kusa na gas. Dabarar ta daɗe: a Beljiyam an yi mata rajista tun 1937 da man ja, a 1938 har motar bas ta yi jigila da shi. Muka gwada da lita ɗaya ta man gyaɗa mai kyau, da mililita 200 na metanol da giram uku da rabi na soda, a zafin da bai wuce digiri 55 ba, muka juya na awa guda muka bari ya kwana. Da safe ga shi ya rabu biyu, sama garau kalar zuma, ƙasa ja mai duhu. Na ji daɗin ganinsa ƙwarai. Sai muka maimaita da ragowar gindin man nan, abin ya daskare ya zama sabulu. Tsohon mai da wanda ya sha ruwa suna tara tsami, soda kuwa idan ta tarar da tsami da ruwa aikin da ta saba take yi. Irin wannan mai sai an fara bi da shi ta asid mai ƙarfi kafin a zo kan soda.

A nan Malam ya ce mu tsaya, kuma na ga gaskiyarsa. Metanol guba ne. Kurɓi kaɗan yana makantarwa, yana ratsa fata, idan ya kama da wuta da rana harshensa da ƙyar ake gani. Rumfar Kawu kuwa yara ne ke shiga da fita da kwanukan abinci. Ga shi sai an je Kano za a samo shi, ga bayodizal ɗin yana cin tsofaffin tiyo na roba, yana kuma ɓamɓaro dattin tanki ya toshe filta a makonnin farko. Ra'ayina har yau shi ne bayodizal aikin masana'anta ne, ko ƙungiyar manoma da ke da wanda ya koya da wurin da aka keɓe. Ƙasashen da suka ci moriyarsa ta nan suka bi. Indunusiya, da ke da man ja kamar ruwa, ta wajabta haɗin kashi 30 cikin ɗari a 2020, ta kai shi 35 a 2023, kuma a gidan mai direba ke samunsa a haɗe. Mu ma tun 2007 muna da manufar ƙasa da ta yi maganar haɗin kashi 20, wanda ake kira B20, amma ni ban taɓa tsayawa gaban famfon da ke sayar da shi ba, a Jigawa ko a Kano.

Saura hanya ta biyu, dumamawa. Ita kuma sai da man da ba a ci. Na yi ta kallon darbejiyar da ta kewaye makarantar firamare da bakin kasuwa, wadda mu a nan gabas muke kira maina. Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina 'ya'yanta ke zuba, a tattake su, a share a ƙone. Sai da na yi zuwa uku kafin Kawu ya saurare ni. A na ukun na ce, "Kawu, ku ba ni damina ɗaya. In injin ya sake lalacewa, gyaran a albashina." Ya yi shiru, can ya ce, "To, amma bakaniken nan shi zai haɗa, ba kai ba."

Abin da aka haɗa ba shi da wuya. Aka ƙara tanki na biyu da makunni mai hanya biyu. Daga sabon tankin aka ja siririn bututun jan ƙarfe, aka naɗe shi cikin tukunyar ruwan da ke kan injin, ta yadda kafin man ya isa famfo ya ɗauki zafin ruwan da ke gab da tafasa. A wannan zafi kaurin yakan faɗi ƙwarai, ko da yake ba ya kai tsinkewar gas, shi ya sa ko a tanki na biyun ba mu zuba zalla ba: ɗaya na maina, biyu na gas. Da gas ake tayarwa. Sai tukunya ta fara tururi a juya makunni. Saura minti goma a tashi, a mayar kan gas, don ya wanke famfo da nozul, kada man maina ya kwana a cikinsu ya sandare. Kawu ya sa an rubuta wannan da gawayi a jikin bango saboda yaron injin.

Wahalar tana wajen man kansa. Mata da yara suka tsinto, muna biya kwano-kwano. A wanke ɓargon, a shanya ƙwallon ya bushe ƙarau, domin mai danshi yana yin fumfuna ya ƙara tsami. Kawu ya sayo tsohon injin matsa ƙarami daga Kano, shi ma bel ɗin nan ke juya shi. Da farko ya yi tunanin zai riƙa matsar wa mata gyaɗa da shi, amma duk injin da maina ta bi ta cikinsa ya gama da gyaɗa, ɗacin ba ya fita. Bayan matsa, man ya kwanta mako biyu a duro, a kwashi na sama, a dumama har ya daina tartsatsi, a tace da ƙyallen wandon jins ninki biyu. A awonmu, kilo 5 na busasshen ƙwallo ke ba da lita ɗaya. A daminar 2023 mun tara wajen kilo 900, muka sami lita 180.

Da wannan aka yi kakar 2023. Injin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ƙarfinsa ya ɗan ragu idan shanshera ta yi nauyi, wanda ba abin mamaki ba ne tunda man tsiro ya gaza gas ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin goma a kowane kilo. Baƙin mai sau biyu muke canzawa a inda da sau ɗaya ne, nozul kuma duk mako biyu a kwance a goge. Ƙorafi ɗaya ya zo daga mata: hayaƙin yana wari kamar an ƙona tafarnuwa, suna tsoron ya kama shinkafarsu. Aka ƙara wa salansa tsawo aka fitar da shi ta bayan katanga.

Sai dai littafi ya nuna mini abin da ban so gani ba. Lita 4 a wuni muke ragewa daga gas, lita 180 ɗin nan kwana 45 suka yi. Da za a ce injin ya koma maina zalla, kilo 90 na ƙwallo zai ci kowace rana, bishiyoyin ƙauyen duka ba za su riƙe shi wata biyu ba. Haka na gane dalilin da ya sa hayaniyar bini-da-zugu ta mutu. Wajen 2007 an yi ta yayata shi a duniya a matsayin shukar da za ta ba da man inji, daga Indiya har ƙasashen Afirka, cewa yana fitowa a fako, ba ruwa ba taki, ga mai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a ƙwayarsa. Fitowa kam yana yi, amma 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki kamar kowane amfanin gona. Kawu ya dasa shi shinge a gonarsa a 2023. Awaki ba sa taɓa shi, ya kuwa tsare gonar, amma abin da aka tsinka a shekara ta biyu bai cika kwano biyu ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tunkuzar. Kowane kilo 5 yana barin kusan kilo 4 na tunkuzar maina, masu noman albasa da tumatir na rani suka fara saye suna barbaɗawa a kwami saboda tsutsar ƙasa. Masu shinkafa ma suka biyo baya suna cuɗa ta da takin yuriya, domin maina tana rage saurin salwantar yuriya a ƙasa. A Indiya tun 2015 aka wajabta shafa wa yuriya man darbejiya saboda wannan dalili. Kuɗin tunkuza kaɗai ya kusa biyan masu tsinto. Sannan man ma ya sami masu so: mata masu sabulu, da masu ajiye wake da ke shafa masa ɗan kaɗan don ƙwari, da wani ɗan kasuwa daga Kano da ke ɗura shi a ƙananan kwalabe a matsayin man gashi. Ko a farkon 2024, da litar gas ta haura naira 1,500 a wajenmu, tayin ɗan kasuwar nan ya fi haka. Da matatar Ɗangote ta sauke farashin sari zuwa naira 1,000 a watan Afrilu, tazarar ta ƙara faɗi. Kawu bai buƙaci littafina ba a nan. Ya ce, "In na sayar da lita ɗaya na sayo gas lita ɗaya da canji, don me zan ƙona ta?" Ban sami amsa ba, ko da yake na so a ce injin ne ya ci gaba da sha.

Jarka huɗu kawai ya ce a ajiye a ɗaki, kada a taɓa. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, Auyo na cikin wuraren da abin ya shafa, hanyar ƙauyenmu ta yanke kwana tara. Gas ɗin da ya rage a rumfa bai kai lita 10 ba. Casa ta tsaya, amma niƙa ba ya jira, mutane sai sun ci tuwo. Kawu ya sa aka fito da jarkokin. Gas na tayarwa da kashewa kawai, tsakani kuwa maina zalla mai zafi, awa uku kowace la'asar. Har daga ƙauyuka biyu na maƙwabta aka riƙa zuwa da kwanuka a kwalekwale, domin nasu injunan sun yi shiru. Da hanya ta buɗe, abin da aka fara yi shi ne zubar da baƙin mai da kwance nozul. Ya yi gawayi, amma ya gogu.

Yanzu injin matsar yana kawo kusan abin da niƙa ke kawowa, tanki na biyu kuma yana nan a ɗaure, ana buɗe shi lokaci-lokaci don kada bututun ya toshe. Kwanakin baya bakaniken ya aiko cewa ya ga wata tsohuwar Lista a bayan wani gareji a Haɗeja, ƙafafunta lafiya, kanta ne ke son aiki. Kawu ya je ya gani sau biyu, ya taya, mai ita ya ce albarka. Ya ce mini bayan an kwashe shinkafar bana zai koma.